Motar da malejinta bai yi mini ƙarya ba

Kilomita 312,480 malejin motar ke nunawa ranar da na biya kuɗinta. Da na faɗa wa 'yan majalisarmu ta bayan isha'i a nan Rikkos, ɗaya ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, mota ka sayo ko tsohuwar da za ka yi jinya?" Aka bushe da dariya. Ban ji haushi ba, don wata huɗu kafin nan ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Ni ma'aikacin gwamnati ne da ya cika shekara 35 ya ajiye aiki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne tun zamanin da kuza ke tashe a Jos, kuma duk wuraren da yake ba mu labari babu wanda ya zauna mini a rai kamar Mambila. Yakan ce akwai inda za ka tsaya ka leƙa gajimare a ƙarƙashinka. Mu da muka tashi a garin da ke sama da teku da mita 1,200 muna ganin mun gama sanin tudu da sanyi, shi kuwa sai ya ce namu wasan yara ne. Na ƙudurta in Allah ya ara mini rai da lafiya zan je in gani da idona, in haɗa da Yankari da gandun dajin Gashaka-Gumti. Corollata ta yi mini hidima shekara goma sha ɗaya, amma ko a layin gidanmu da damina cikinta na gugar ƙasa. Tafiya irin wannan sai jif mai ja da ƙafa huɗu.

Na sayar da wani fili da nake da shi a hanyar Zariya, na haɗa da abin da ke hannu, ya tashi naira miliyan 16. Uwargida ba ta hana ba, magana ɗaya ta yi: kada a taɓa kuɗin makarantar auta. Kafin in kira dillali ko ɗaya sai na nufi Farin Gada wurin makanikena, mutumin da ya shekara ashirin yana kwanciya ƙarƙashin motocina. Oga nake ce masa ko da yake na girme shi. Ya saurare ni yana goge hannu da tsumma, sannan ya tambaye ni nawa ne a hannu. Na faɗa.

"To Malam, motar miliyan 12 za ka nema," in ji shi. "Abin da za ka ba mai mota kafin alƙalami ne, cikon kuɗin a gareji ake biyansa."

Na so in yi gardama, don raina na kan Land Cruiser irin ta 100, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2007, mai injin V8 na lita 4.7. Tun ina aiki nake ganinta a ayarin manya ina haɗiyar yawu. Oga bai kushe ta ba. Lissafin mai kawai ya sa ni yi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 kuwa, lokacin da nake wannan nema, ta wuce 1,000. Na kawo zancen mai shan gas, irin tsohuwar Land Cruiser 80 mai injin 1HZ da ake cewa ba ya mutuwa. Ya ce gaskiya ne, amma masu ita ba sa saki, wadda aka saki kuma ta gama ganin duniya a hannun masu haƙar ma'adinai. Daga nan ya ambaci Serti, wani gari a hanyar Mambila, ya yi mini tambayar da ta zame mini ma'auni har ƙarshe: "In ta tsaya maka a Serti, wa zai gyara, kuma da wane kaya?"

Abuja muka nufa, don can motocin suke. Tsadar mai ta sa masu manyan motoci da yawa sun fito da su, sai dai faɗuwar naira ta sa wadda aka shigo da ita daga waje ta yi tashin gwauron zabi. Ni da Oga da babban ɗana muka sauka a Mararaba gidan ƙanena.

Ta farko a wani wurin sayar da motoci muka gan ta a hanyar Kubwa. 4Runner ce ta 2006, ruwan toka, tana sheƙi, malejinta 98,000. Dillalin ya ce Baljiyam ce, ba a taɓa hawanta a ƙasar nan ba, wata tsohuwar likita ce ke zuwa asibiti da ita a Amurka. (Na lura duk motar da ta fito Amurka tsohuwar likita ce ta hau ta. Ban san wa ke tuƙa motocin samari a can ba.) Ni har na fara lissafin yadda zan shiga Rikkos da ita. Oga bai ko kalli malejin ba. Ya durƙusa ya duba robar da ke kan fedar burki, ta cinye har ƙarfe ya leƙo. Ya shafa sitiyari, ya yi sumul kamar an goge da mai. Kujerar direba ta lotsa ta gefen da ake fita. Ya miƙe ya ce da ni a hankali, "Ƙafar likitar nan ta yi aiki."

Ɗana ne ya ƙarasa aikin. Yawancin motoci suna da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a motar Amurka ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba. In motar Amurka ce, kana iya biyan kuɗi kaɗan a intanet a fito maka da tarihinta, irin rahoton Carfax: inda aka yi mata rajista, haɗarin da aka rubuta, da malejin da aka gani duk sanda ta shiga gareji ko gwanjo. Rahoton ya nuna tun 2019 ta wuce 214,000. Kuma ba kilomita ba ne, mil ne, don da mil Amurkawa ke lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne da ɗoriya. Wato shekara biyar da suka wuce ta riga ta haura kilomita 340,000, ga shi yau tana ce mini 98,000. Malejin zamani ba sai an kwance allo an juya lambobi da tsinke ba kamar da, yaro mai kwamfuta ne zai zauna a kujerar direba ya rubuta abin da aka ce ya rubuta.

Ko wannan bai kai abin da muka gani a ƙasa ba. Oga ya shimfiɗa kwali ya shige da tocila da sukundireba. An fesa wa shasin baƙin fenti sabo fil, amma da ya danna kusa da inda ƙafar baya ke kamawa sai ƙarfen ya ɓare kamar ɓawon albasa. A jihohin arewacin Amurka da Kanada gishiri suke zubawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, shi ne ke cin motar daga ƙasa alhali samanta na ƙyalli. Inji in ya mutu a sauke a ɗora wani. Shasi in ya ruɓe, motar ce ta ruɓe. Muka yi wa dillali godiya muka wuce, yana bin mu yana rage dubu ɗari biyar-biyar.

A ta biyu ne na yi wauta, kuma tawa ce ni kaɗai. Bayan mun koma Jos wani ya turo mini hotunan Lexus GX470 baƙa, kujerun fata, a Gwarinpa. Ita wannan ai Prado ce da aka yi wa kwalliyar gidan sarauta aka sa mata V8. Kuɗin da aka faɗa ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Aka ce mutum biyu na kan hanya da kuɗi, in ina so in tura wani abu a riƙe mini. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma na tura dubu 100 ban gaya wa Oga ba, ban gaya wa uwargida ba.

Da muka je sai na tarar da dillalai huɗu a kan mota ɗaya, kowanne ya san na gaba da shi ne kawai, mai motar kuwa wai yana Dubai. Mun ce kada a tayar da ita kafin mu iso, muka tarar da bonet da ɗumi. Oga ya ce mota da sanyin safiya take faɗin gaskiya: hayaƙin da za ta yi, ƙarar da za ta yi kafin baƙin mai ya hau sama, duk a minti na farko ake kama su, in ta yi zafi ta rufe bakinta. Ya murɗa makulli zuwa inda fitilun allo ke kamawa gaba ɗaya bai tayar ba. Duk suka kama ban da fitilar gargaɗin inji. Ba lafiya ce ta hana ta kamawa ba, kashe ta aka yi. Ya jona 'yar na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, matsaloli suka zubo kamar jerin sunayen masu bin bashi. An fasa salansa an kwashe abin nan mai tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, don yana da tsada a wurin masu sayen ƙarafa. Injin nan na V8 da bel yake tafiya ba da sarƙa ba, ana canza shi wajen kowace mil 90,000, kuma babu wanda ya san yaushe rabon a canza. Muka danna maɓallin da ke kulle ƙafafun gaba da na baya su ja tare, fitilarsa ta yi ta ƙifce-ƙifce ba ta tsaya ba. Motar da ta shekara goma tsakanin Maitama da Wuse ba a taɓa danna mata shi ba, ɗan injin da ke tura shi ya sandare. Na ce a kawo takardar kwastan, aka miƙo mini hoto, wai ta ainihin tana jakar Alhaji.

Duk da haka wallahi raina na kanta. Na zauna a ciki na ji ƙamshin fata da sanyin iyakwandishan, na fara ce wa kaina ai komai gyaruwa yake. Oga ya buɗe ƙofar ya ce, "Malam, fito. Kyan ɗan maciji ne." Dubu 100 ɗina kuwa, bayan sati uku na kira da haɗa Allah da Annabi, rabi ya dawo.

Na yi kusan haƙura. Sai ƙanena ya kira ya ce akwai wani dattijo da suke sallar Juma'a tare a Karu, yana da farar Prado yana son rabuwa da ita, amma kada in sa rai, ta sha tafiya.

Prado ce ta 2007, irin ta 120, mai giyar hannu, kujerun yadi, ba ta da wani ado. Fentin bonet ya dushe, saman allon gaba ya tsage saboda rana, abin da irinta suka yi suna da shi. Baba, haka na kira shi tun gaisuwar farko, ya fito da carbi a hannu. Tsohon direban wata ƙungiyar agaji ce. Sabuwa dal ƙungiyar ta saye ta a nan ƙasar, shi aka damƙa wa makullin, shi ya tuƙa ta shekara goma sha huɗu yana kai ma'aikatan lafiya ƙauyuka. Da za a yi gwanjon tsofaffin motoci ga ma'aikata sai ya zuba kuɗin sallamarsa ya saye ta. Yanzu mai ya gagare shi, sati biyu sai ta yi ba ta motsa ba.

Na leƙa maleji na ga 312,000 da ɗoriya, gabana ya faɗi. Baba ya lura. Ya shiga gida ya fito da littattafai uku masu baƙin bango, an ɗaure su da roba. Littafin tafiye-tafiye ne irin wanda ƙungiyoyi ke tilasta wa direbobi: kwanan wata, inda aka tashi, inda aka sauka, maleji da safe, maleji da yamma, litar man da aka sha, da sa hannun wanda aka ɗauka. A bayan kowanne an manna rasiɗan gareji. Juyen baƙin mai kowace kilomita 5,000, bai taɓa tsallakewa ba. An canza kuloci a 190,000. An canza shokazoba sau biyu. Har ranar da akuya ta fasa masa fitilar hagu a hanyar Lafiya yana ciki.

Na zauna a kan benci na fi awa ɗaya ina buɗawa. A nan na gane abin da Oga ke ta ƙoƙarin nuna mini. Yawan tafiyar ba ita ce cutar ba. Motar da ta yi kilomita 300 a rana ɗaya a kan doguwar hanya, injinta ya yi zafi sau ɗaya ya zauna a haka, ta fi hutawa a kan wadda ta yini a cunkoson Nyanya tana tashi tana tsayawa. Motoci biyun farko ƙaramar lamba suka nuna mini ba shaida. Wannan ta nuna mini babba, ga shaidarta shafi-shafi.

Wani abin da ya sa Oga murmushi shi ne injin. Mai silinda huɗu ne, lita 2.7, wanda ake kira 2TR, da sarƙa yake tafiya ba bel ba. Shi ne dai a cikin Hilux mai fetur da bas ɗin Hiace da muke kira Homa, wadda ke kowace tasha daga Legas har Maiduguri. Amsar tambayarsa ta Serti ke nan: duk garin da Homa ke zuwa akwai wanda ya san cikin injin nan, akwai mai sayar da kayansa. Aibinsa bai ɓoye mini ba. Ƙarfinsa wajen doki 160 ne, jikin motar kuwa ya kusa tan biyu, sannan inji irin wannan yana rasa kamar kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita ɗari da ka hau, saboda iska na raguwa. Wato tun a Jos wajen kashi goma sha biyu ya tafi. "Ba za ka tsere wa kowa ba," in ji shi, "amma za ka isa."

Sai dai rubutun Baba ya tsaya a 268,000, ranar da motar ta zama tasa. Na tambaye shi sauran 44,000 fa. Bai yi kwana-kwana ba. "Malam, tun da ta dawo hannuna baƙin mai kawai nake iya canza mata. Sauran sai addu'a." Wannan maganar ta fi duk rantsuwar dillalan Kubwa sa ni yarda da shi.

Washegari bayan asuba muka dawo, don mu same ta a sanyaye. Oga ya ɗora tafin hannu a kan injin ya tabbatar, sannan ya sa ɗana ya tsaya a bayan salansa. Bugu ɗaya ta tashi. Babu shuɗin hayaƙi, wanda ke nuna tana ƙona baƙin mai, babu fari mai kauri da ke nuna ruwa na shiga inda wuta take. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko akwai kumfa mai kama da madara, babu. Ya buɗe lagireto tun da sanyi, sai ya ɓata fuska: jan ruwa ne mai tsatsa, ruwan rijiyar burtsatse Baba ke zubawa. Muka kai ta Apo aka hau rami, aka auna matsin silinda huɗun, suka fito kusa da juna. Shasi lafiya lau, motar da ba ta taɓa ganin gishirin Turawa ba. Amma ƙafar gaba duk ta saki, robobi sun tsattsage, bol join na wasa, ga man giya na tsattsafowa ta bayan aksul.

Daga nan muka fita bayan Karshi muka sami hanyar burji. Kusa da babbar giya akwai ƙaramar sanda, wadda direbobi ke kira ogzilari, da alamun H, HL, N da LL. A H take tafiya kullum, ƙafa huɗun na ja amma kowacce da 'yancinta. HL na kulle gaba da baya don yashi da taɓo. LL kuma ita ce ta hawan dutse, mota na rarrafe amma da ƙarfin ingarma. Baba ya ja ta, ta shige kamar wuƙa a kube, don shi duk damina sai ya yi aiki da ita. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in bar ta a kulle a kan kwalta, ƙarafan ciki ne za su murɗe juna. Oga ya sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ya take totur, inji ya yi kuka gudu bai ƙaru daidai da kukan ba. Kuloci ya kusa.

Ciniki bai yi tsawo ba. Baba ya ce miliyan 14. Na taya 11, ya ce albarka. Oga ya zaro takardar da ya jera gyare-gyare ya karanta masa ɗaya bayan ɗaya, Baba na gyaɗa kai, don ya san babu ƙari a ciki. Muka tsaya a miliyan 12 da dubu 300, ya ce ya sallama. Babu dillali balle la'ada, sai ƙanena da na saya wa shadda.

Takardu ban yi musu gaggawa ba, kwana huɗu na ba su. Na karɓi takardun kwastan na ainihi, da wasiƙar ƙungiyar mai nuna an sayar wa Baba a gwanjo, da rasiɗin biyansa. Muka gwada lambar shasi da ta inji da ke takarda da waɗanda ke jikin ƙarfe, harafi da harafi. Ɗana ya duba lambar motar a shafin hukumar kiyaye haɗura, ta fito da sunan irin motar daidai, aka kuma duba rajistar 'yan sanda ko an taɓa kai ƙarar sata. Muka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu-biyu da hoton katin ɗan ƙasa, kuɗi kuma ta banki na tura don ya bar sawu. Inshorar dole, wadda ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun Janairun 2023, na yi sabuwa da sunana. Canjin mallaka da sabuwar lamba sai da na dawo Filato.

Da zan tafi Baba ya miƙo mini littattafan uku. Na ce ya riƙe na tunawa. Ya ce a'a, nata ne, inda ta je nan za su je. Ya zagaya ya shafa bonet, bai ce komai ba, ya shige gida tun kafin mu tayar.

Abuja zuwa Jos bai kai kilomita 300 ba. Keffi lafiya, Akwanga lafiya, Gwantu lafiya, har na fara yi wa Oga tsiya cewa miliyan huɗun da ya sa na ɓoye Umara zan tafi da su. Sai Hawan Kibo. Duk ɗan Jos ya san wurin nan, inda hanya ke murɗawa tana hawa tsaunin Filato, manyan motoci na nishi, wasu na kwance a gefe. Muna tsakiyar hawa a giya ta biyu bayan wata tirela, na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana tafiya sama. Na kai hannu zan kashe.

"Kar ka kashe!" in ji Oga. "Samu gefe ka tsaya, bar ta tana aiki."

Ya kashe iyakwandishan, ya kunna hita har ƙarshe, zafi ya bugo mu kamar gidan burodi. Ashe hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi daga inji. Ya buɗe bonet ya hana kowa taɓa murfin ruwa, don in ka buɗe shi a lokacin tafasasshen ruwa ne zai wanke maka fuska. Muka tsaya muna kallon allura tana saukowa kaɗan-kaɗan. Wasu yara masu sayar da ayaba suka kewaye mu, na saya don kunya. Kusan awa ɗaya muka yi kafin mu ƙarasa hawan a hankali, ta Riyom da Mararrabar Jama'a muka shiga gari bayan magariba. Zancen Umara ban sake tayar da shi ba.

Sati uku ta yi a Farin Gada. Da aka sauke lagireton rabin hanyoyinsa sun toshe da laka da tsatsa, a fili bai nuna ba sai da aka zo hawa. Aka sa sabo, da famfon ruwa, da duk robobin ruwa, da fanbel. Muka tarar wani ya cire tamostat, ɗan abin da ke daidaita zafin inji, ya yar, al'adar da makanikanmu da yawa ke yi wai ƙasarmu da zafi. Oga ya mayar da sabo, ya ce wanda ya ƙera injin ya san da Sahara, kuma a sanyin Jos inji marar tamostat ba ya kai zafin da ya kamata, sai ya yi ta shan mai. Aka zuba ruwan lagireto na gaskiya mai launi. Aka juye duk wani mai da ke cikinta: na inji, na giya, na ogzilari, na aksul gaba da baya, na burki, na sitiyari. Sai kuloci, bol join, tayarod, robobin ƙafa, shokazoba huɗu, takalman burki da batir.

Sayen kayan kansa karatu ne. A Dilimi duk abin da ka tambaya sai a ce maka kala uku ne: na kamfani, mai bi masa, da wanda kwalinsa kawai ya yi kama. Akwai kuma na Baljiyam da aka ciro daga wata motar. Dokar Oga ita ce duk abin da in ya karye mota za ta bar hanya, ko inji ya ƙone, na kamfani za a saya ko nawa ne. Abin da in ya lalace tsaki kawai za ka yi, a sayi mai sauƙi. Shi ya sa har yau saman allona a tsage yake, na rufe shi da darduma.

Tayoyin Baba suna da zane, na so in bar su. Oga ya nuna mini lambobi huɗu a gefen taya: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Na gaba 3517, wato sati na 35 a 2017. Safaya ma ta girme su. Roba na tsufa ko ba a taka ta ba. Biyar na saya, 265/65 R17, masu ɗan manyan haƙora da ke cin kwalta da burji, kuma su kaɗai suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gyaran. Da aka gama lissafi, miliyan 3 da dubu 400 suka tafi. Canjin da ya rage bai kai na tankin mai huɗu ba, don tankinta lita 87 yake ci.

Gwajin farko Yankari muka je a Disamba, ni da uwargida da auta. Ta Bauchi, mu karkata a Dindima, mu shiga ƙofar gandun mu gangara har sansanin Wikki, inda ruwan ɗumin nan ke fitowa daga ƙarƙashin dutse yana nan a digiri 31 dare da rana. Na auna mai daga cika zuwa cika, lita ɗaya na ba ni kilomita bakwai da rabi zuwa takwas in ban wuce gudun 100 ba. Uwargida da ta yi ta kiran motar "kakarku" ta yi barci tun daga Toro har Bauchi, wanda a Corolla ba ta taɓa yi ba.

Mambila sai ƙarshen Janairu, da rani sosai. Na ɗauki ɗana da yaron Oga guda, da jarka biyu ta mai, da fanbel da famfon mai na ajiya, da igiyar ja, da shebur. Na yi wa kaina doka ba tuƙin dare, kuma duk garin da muka kwana sai na je tasha na tambayi direbobin haya labarin hanyar gaba, don su ne ke da labarin safiyar ranar. Muka kwana Gombe, muka bi ta Kaltungo da Numan muka kwana Jalingo, sannan Bali har Serti, inda hedikwatar gandun Gashaka-Gumti take. A cikin gandun nan ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419. A Serti wani ƙugi ya taso daga baya. Makaniken da muka samu a bakin tasha ya leƙa ya ce kusoshin furofela ne suka saki, wato sandar da ke kai juyin inji ga ƙafafun baya, ya ɗaure cikin minti goma, ya ce ai ƙanwar Hilux ce.

Daga Mayo Selbe hawan ke farawa. Kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Giya ta biyu, wani wurin ta ɗaya, injin na kuka amma idona na kan allurar zafi fiye da kan hanya, har ɗana ya ce, "Baba, hanya dai." Allurar ba ta gusa daga tsakiya ba. Wata Homa cike da fasinja da buhuna a sama ta wuce mu tana hon, inji iri ɗaya da namu, ban ji komai ba. Da muka kai sama sai ƙasa ta buɗe, tuddai marasa itace suna bin juna har iyakar gani, shanu a warwatse, iska mai sanyin da ta sa na nemo rigar da nake sawa a Jos da hunturu. Gajimaren da mahaifina ya faɗa ban same shi ranar ba, hazo ne ya rufe kwarin. Sai da asubar kwana na biyu, a hanyar gonar shayi ta Kakara, na tsaya a gefen hanya na leƙa, ga shi nan fari fat kwance a ƙasa da mu.

A Nguroje na sami sabis na kira Baba. Na gaya masa inda muke. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko ta yi zafi a hawan. Na ce ko kaɗan. Ya ce in za mu sauko kada in dogara da burki, in sa ta a giyar da na hau da ita in bar inji ya riƙe ta, in ba haka ba man burki zai tafasa feda ta tafi ƙasa. Na ce to, Baba.

"Nawa take nunawa yanzu?"

Na leƙa. "314,906."

"Ka rubuta?"

Ban rubuta ba. Littafi na uku yana cikin aljihun gaba, da sauran shafi goma sha ɗaya da ba a taɓa ba. Na ce ya riƙe layin, na aiki ɗana shagon da ke tsallake ya sayo biro.